Zayyana Mai Ƙofa Huɗu

Yau idan kana neman rairayi cikin tafin hannu a unguwarmu ta Agege, sai dai ka je wurin masu buga bulo ka roƙa, su ma sai sun dube ka sama da ƙasa kafin su ba ka. An shafe ko'ina da siminti. Tsakar gidan da muka yi karatu a cikinta an yanka ta uku: gaba shagon gyaran waya, tsakiya wurin kitso, baya kuma ɗakin wani mai keke da iyalinsa. Nakan bi ta wurin idan zan tafi masallacin Juma'a, in ji janareta yana ruri daidai inda Malam yake shimfiɗa buzunsa. Da ba na tsayawa. Amma tun da na je tsallaken gada, can cikin birni, kwanakin baya na dawo, gidan ya ƙi fita daga raina, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, ko Allah Ya sa zuciya ta yi sauƙi.

A zamanin da nake faɗi goro ne ya riƙe unguwar. Mahaifina yana cikin masu ɗaure huhun goro a loda a jirgin ƙasa zuwa arewa, saboda haka ƙamshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi na tashi ina shaƙa, sai kuma warin fata daga wajen kwata idan iska ta juyo. Da safe abu uku ne suke bin juna ba sa saɓawa: kiran salla, usur ɗin jirgi, sannan muryar matan Yarabawa masu tallan burodi. Ƙasar unguwar ja ce mai danƙo, amma a gefen layin dogo akwai wani farin rairayi mai laushi da ma'aikatan jirgi suke zubarwa. Shi ake aikenmu mu ɗebo a kwano, mu tankaɗe shi a rariya har sai ya koma kamar garin tuwo.

Malaminmu ya yi suna ne wajen zayyana, wato adon da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. Yanzu takarda ake bugowa a inji mai zanen furanni, a sa a gilashi, yaro ya riƙe a ɗauke shi hoto, ta kowa iri ɗaya. A da kuwa allo ne sabo fil, a zana masa layuka masu shiga cikin juna da ja da baƙi da rawaya, a bar fili a tsakiya inda za a rubuta ayoyin. Gidan da aka rataye irin wannan allo, baƙo yana shigowa ya san an yi karatu a nan. Malam ba ya barin kowa ya kusanci allo da tawada sai hannunsa ya nuna a ƙasa tukuna. Mu daka jan bulo, mu daka gawayi, mu cuɗa rairayi da gangamau ya yi rawaya, mu saci ɗan bular wankin Inna, matar Malam, don shuɗi, kowane launi da gwangwaninsa. Sai a share fili a yayyafa ruwa, mutum ya durƙusa, ya ɗebi rairayi a tafin hannu ya bar shi yana zuba tsakanin babban yatsa da manuni, siriri kamar zare. Harafi ko ɗaya ba a rubutawa a ƙasa. Malam yakan ce inda ƙafa take takawa ado kawai ya dace da shi, magana sai itace. Kafin magariba kuma dole a share komai, ko da aikin ya yi kyan da mutum zai so ya kwana yana gadinsa. Wasu maƙwabta sun ɗauka bugun ƙasa muke yi. Na tuna wata mata da ta shigo tana so a duba mata ko mijinta da ya tafi Kumasi zai dawo. Malam ya ce mata shi kansa bai san abin da Inna za ta dafa da rana ba, balle labarin Kumasi.

Mu biyu ne muka yi nisa a wannan aiki, dukanmu mun fara tsiro da gashin baki. Ni da wani ɗan mahauta da ake kira Bahago, don da hagu yake komai. A karatu na fi shi nesa ba kusa ba. Rubutuna na ajami har manya suke karɓa su duba, shi ya sa yake tsokanata da Gwani, sunan kuma ya bi ni har yau. Shi kuwa an tilasta masa rubutu da dama, sai harufansa suka zama kamar tafiyar kaguwa. Amma a kan rairayi Malam bai hana shi hagunsa ba, nan kuma na fara sanin abin da ake kira ƙyashi. Ni sai na auna da zare, na kafa tsinke a kowace kusurwa, na riƙe numfashi. Shi zai zo daga kwata da ƙanshin kitse a rigarsa, ya durƙusa yana rera waƙar Yarabanci da ya tsinta wurin masu burodi, hannunsa yana tafiya kamar ba nasa ba, layi ya shiga ƙarƙashin layi ya fito inda ya kamata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ɗauki abin a bakin komai ba. Idan lokacin sharewa ya yi, ni sai na yi ta jan ƙafa, shi ko da ƙafa ɗaya zai shafe nasa ya ruga wajen ƙwallo.

Wata shekara ɗan Sarkin Fawa zai yi sauka, idon Malam kuma ya fara rauni. Sai ya kira mu ya ce ɗayanmu ne zai yi allon, wanda ya yi kuma shi zai riƙa karɓar aikin zayyana a madadinsa daga nan gaba. Ya ce washegari kowa ya zuba mai ƙofa huɗu, ita ce babbar zayyanarsa da ya karɓo daga nasa malamin, bayan la'asar zai duba ya zaɓa. Wannan zayyana sau uku kawai ya taɓa zuba ta a gabanmu, bai kuma yarda a kwafe ta a takarda ba. Ni kuwa na riga na kwafe ta a ɓoye a bayan takardar sukari, tana cikin aljihuna. Da ita na yi aiki ran nan, ina leƙawa idan Bahago ya juya baya. Kafin azahar duk mun gama. Tawa ta fito tsaf, babu ƙwayar rairayi ɗaya da ta kauce. Da Malam zai fita masallaci ya bi ta tsakaninsu yana dogara sanda, na kuma ga kamar ya fi daɗewa a kan tawa. Har yau ban sani ba ko haka ne, ko kuwa so na yi ya zama haka.

Kowa ya fita salla, na tsaya a baya da sunan alwala. Na je na tsaya a kan ta Bahago. Akwai inda layinsa ya yi kauri, akwai inda ja ya ɗan zubo cikin fari. Amma ido yana sauka a kanta sai ya kama tafiya, ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan, ba ya son tsayawa. Tawa kuwa tana kwance kamar kayan da aka goge aka ninke. Ban taɓa ta da hannu ba, ban taka ta ba, don in iya rantsuwa idan an tambaye ni. Ƙwaryar tsakin kajin Inna tana kan turmi. Na ɗebi hannu guda na watsa a kan zayyanar, na buɗe ƙofar akurki, na ɗauki butata na fita. Na sami raka'a ta biyu. Na yi sahu kafaɗata tana gugar tasa.

Da muka dawo babu abin da ya rage sai ƙura mai launi da sawun kaji. Inna tana ta salati tana rantsuwa ita ta rufe akurkin da hannunta. Bahago ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce wa wata jar kaza da Yarabanci za su haɗu ranar Salla. Bayan la'asar Malam ya zo ya daɗe yana kallon wurin, ni kuma ina gefe na sunkuyar da kai kamar mai taya baƙin ciki. Sai ya ce ba a hukunci tsakanin mai rai da matacce. Ya karɓi tsintsiya daga hannun Inna ya share tawa da kansa, ya sa aka kawo buzunsa tsakiyarmu ya zauna, ya ce kowa ya sake, yana kallo. Takardar sukari tana aljihuna, ina jin ta a cinyata, babu halin fito da ita. Ƙofa ta farko da ta biyu na kai su lafiya. A ta uku na ɓata, layin da ya kamata ya nutse ya hau, na share na sake, na share na sake, gumi yana ɗiga yana ɓata rairayin. Kafin rana ta yi ja Bahago ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ta biyun ta fi ta farko. Malam bai yabe shi ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce masa gobe ya wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ya zo, kada allon mutane ya yi ƙarnin nama.

Daga nan hanya ta rabu. Ni na zama mai rubuta wa mutane wasiƙa. Fatake da 'yan dako, daga baya har masu tumatir da albasa na kasuwar Mile 12, su zauna a gabana su faɗi abin da za a gaya wa gida, in rubuta da ajami, direban mota ya tafi da ita. Na ci abinci da wannan shekaru masu yawa, na aurar da 'ya'ya, alhamdu lillahi. Da waya ta shigo aljihun kowa sai aikin ya mutu ba tare da an yi masa jana'iza ba. Yanzu littattafai da carbi nake kasawa a ƙofar masallaci. Bahago kuwa ya yi alluna har aka daina nema, ya koma zanen jikin motoci, daga nan wani ya nuna masa yadda ake shafa gam a katako a zuba rairayi ya kama ya zauna dindindin. Abin da Malam yake sa mu share kafin magariba, shi ya mayar abin ratayewa a bango. Da na ji haka na yi ta faɗa a majalisa cewa ya ci amanar Malam, mutane suna gyaɗa kai suna cewa Gwani ya yi gaskiya. Ban gaya musu cewa na sayi gam na gwada a ɗaki ba, har sau biyu. Ya bar unguwar, ya gina gidansa, aka fara ganinsa a talabijin da hula mai tsada, har aka ce an ɗauke shi a jirgin sama zuwa Amurka. Duk lokacin da aka kawo labarinsa nakan ce Allah Ya ƙara, amma a baki kawai. Na san hukuncin hassada, na karanta, na ma karantar da shi. Kuma na san akwai haƙƙinsa a kaina da ban taɓa neman yafiyarsa ba, ga shekaru sun tafi, waɗanda muka yi sahu da su ran nan saura ƙalilan.

Kwanakin baya sai ga saƙonsa, wai ana baje kolin aikinsa a wani zaure a tsallaken gada, lallai Gwani ya zo. Na yi kwana uku ina cewa ƙafa tana ciwo. Rana ta huɗu na sa farar rigata na hau danfo, ƙaramar motar hayar nan, zuwa Oshodi, na sake wata, da niyyar in je in sauke abin da yake wuyana in dawo. Zauren fari ne tas, sanyi kamar cikin randa, mutane suna tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan gaisuwa. Ga zayyanar Malam a bango, manya da ƙanana, fitila a kan kowace. A ƙarshen zauren aka rataye mai ƙofa huɗu, ta fi ni tsawo. Na tsaya ina bin ta da ido yadda na bi ta farko, sai a ƙofa ta uku idona ya tsaya. Layin da ya kamata ya nutse ya hau. Daidai inda na ɓata, shi ma ya ɓata, kuma ya manne shi da gam ya rataye a gaban duniya. Na duba wadda take kusa da ita, nan ma akwai inda aka sa shuɗi a gurbin ja. Allah Ya gafarta mini, daɗin da na ji a lokacin ban ji irinsa ba ko ranar da aka yi mini haihuwar fari. Niyyar da ta kawo ni ma na manta da ita.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Ya tsufa, ya yi ƙiba, yana dogara sanda, yaran wurin suna bin sa da oga, oga. Ya rungume ni yana cewa ashe Gwani yana da ƙafar zuwa birni. Ban bari mun gama gaisawa ba na ja shi gaban katakon na nuna masa da yatsa.

"Bahago, ƙofa ta uku. Ba haka Malam ya zuba ta ba."

Ya dube ni, ya dubi wurin, sai ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara da shekaru yana yin haka, masu digiri sun rubuta dogon Turanci a kan aikinsa, ba wanda ya taɓa gani sai ni. Ya ja ni kan wani benci a waje ya ba ni labari. Wai can Amurka an kai shi wurin wasu mutane da ake kira Nabaho, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, mazauna wani yanki mai duwatsu da jar ƙasa. Su ma suna zuba rairayi mai launi a ƙasa, da yatsu biyu kamar yadda muke yi, sai dai su a wurinsu magani ne: masaninsu ya zuba zanen yana waƙe-waƙensu, mara lafiya ya zauna a kai, in an gama a share a kwashe rairayin a fitar, ba ya kwana. Na ce wannan addininsu ne, ba namu ba. Ya ce ya sani, shi hannun ya je gani. Ya ce daga baya wasunsu suka fara mannawa a katako suna sayarwa, ya zama sana'a, har ana baje shi a zaure irin wannan. Amma wanda za a sayar ba sa yin sa cikakke. Da gangan suke sauya launi, ko su cire wani abu, ko su juya shi, don na ainihin ya zauna a inda yake, kada ya zama kayan kasuwa. Ya ce da wani tsohonsu ya gaya masa haka ta bakin tafinta, kunya ta kama shi, don a lokacin yana sayar da na Malam yadda suke. Tun da ya dawo bai ƙara fitar da ko ɗaya daidai ba.

"Ta Malam tana nan," ya ce, yana taɓa goshinsa. "Wannan ta masu kuɗi ce."

Ɗan abin da na samu na riƙe bai yi minti goma a hannuna ba. Ashe har tsoron amanar da nake tunƙaho da shi a majalisa ya riga ni, kuma sai da ya haye teku ya koyo shi wurin mutanen da ban taɓa jin sunansu ba. Sai na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun baki ba. Na gaya masa komai, tsakin, da akurkin, da takardar sukari, da sahun da na yi kusa da shi. Ina magana ina kallon takalmina. Da na gama na ɗago, sai na ga ya ɗaure fuska irin ta mai ƙoƙarin tuno abu.

"Kaji?" ya ce. "Ni fa na ɗauka ruwa aka yi ran nan."

Na ce kaji ne, har ya yi wa jar alkawarin Salla. Ya ce wallahi bai tuna ba. Abin da ya tuna kawai yunwa yake ji, yana sauri ya gama kafin mai burodi ta tashi. Na ce duk da haka ya yafe mini, don ni na tuna. Ya ce haba Gwani, ya yafe duniya da lahira, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Yana faɗa yana ɗaga wa wata Baturiya hannu, wadda ta leƙo tana nemansa. Ya miƙe da ƙyar, ya sa aka naɗo mini wata ƙaramar zayyana a takarda, ya ce direbansa ya kai ni har gida. Na ce a'a, ina da inda zan biya. Babu inda zan biya.

A cikin danfo na rungume katakon a ƙirji saboda matsi, ina ta lissafin abin da ya faru. Na sami yafiyar da na je nema, ba a ja mini rai ba, ya kamata in ji na yi sauƙi. Amma abin da na yi ta juyawa shi ne, ni na ɗauki ranar nan a ka tun ina saurayi har gemuna ya yi fari, na kai ta Makka na dawo da ita, shi kuwa ko masauki bai ba ta ba. Hannun da na yi masa ƙyashi a kai ashe ƙaramin abu ne. Wannan zuciyar tasa da abu ba ya kwana a cikinta, ita ce ban san inda ake samu ba.

Da na iso gida na tura katakon bayan kabad, fuskarsa a bango. Washegari bayan na idar da walaha na jawo shi na ajiye a bakin taga inda haske yake. Kuskuren da ya yi da gangan na gan shi nan take, yana kusurwar hagu ta ƙasa. Ba shi nake nema ba. Ina neman wanda bai sani ba, ko guda ɗaya, inda hannu ya yi rawa ko rairayi ya kauce. Nakan yi istigfari in sa tabarau in duƙa. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan.